Kafin Kushin Ya Taso

Akwai wani mai zane da ya shafe shekaru kusan arba'in yana aiki a ɗaki ɗaya, can bayan gidansa. Ɗakin yana da taga guda mai kallon gabas, da teburin da fenti ya ci har ba a gane launin katakonsa, da wata tsohuwar kujera mai hannu biyu.

Mutanen unguwa sun daɗe da manta sunansa na yanka. Mai Kujera suke kiransa, kuma ba su yi masa sharri ba. Duk zanen da ya fito daga ɗakin nan kujera ce a ciki, babu kowa a kanta.

Ba da kujera ya fara ba. Yana saurayi allunan shaguna yake yi: kan mutum ga mai aski, keken ɗinki ga tela, kifi da baki buɗe ga mai sayar da kifi. Daga baya mutane suka fara kawo masa ƙananan hotunan iyayensu da suka rasu, ya faɗaɗa su da fenti. Aikin yana ciyar da shi, amma yana cin ransa. Wannan ya ce a rage wa babansa hanci, waccan ta ce a ƙara wa uwarta haske. Wani ma ya taɓa cewa a mayar wa kakansa haƙoran da suka zube tun kafin a haifi shi mai maganar.

"Ni ba zane nake yi ba," yakan ce wa matarsa. "Kwalliya nake yi wa matattu."

Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce, "To ka zana mai rai mana. Ga ni."

Haka aka yi. Wata safiya, bayan haihuwar ɗansu na fari, ya zaunar da ita a kujerar nan kusa da taga. Ya zana bango, ya zana taga, ya zana ƙafafun kujera da hannayenta. Ita ya bari sai ƙarshe, don a ganinsa fuska ce mai wuya. Ya ɗaga buroshi ke nan zai fara ta, jaririn ya tsala ihu daga ɗaya ɗakin. Ta zabura ta fita, ko silifa ba ta tsaya sawa ba.

Ya tsaya da buroshi a hannu, ransa a ɓace. Sai idonsa ya faɗa kan kujerar.

Kushin ya lotsa a inda ta zauna. Mayafinta ya zame ya rataye a hannun kujera. Silifa ɗaya tana kallon ƙofa, ɗayar ta kife. Haske ya shigo ya kwanta a cikin gurbin da ta bari, kamar ruwa a tafin hannu.

Bai jira ta dawo ba. Ya zana abin da ya gani, da sauri, domin soson yana tasowa a hankali, gurbin yana cikewa a kan idonsa. Kafin ta lallashi yaron ya gama.

Da ta dawo ta duba, sai ta ce, "Ina ni?"

"Ga ki nan."

Ta daɗe tana kallo. "Gaskiya ne," ta ce. "Kamar yanzu zan dawo."

Wani dillalin zane ya ga aikin ya kai shi wurin baje koli. An ce wata mata ta tsaya a gabansa har ƙafarta ta gaji, daga ƙarshe ta share ido ta ce ta tuna mahaifiyarta. Wani dattijo ya ce shi ƙaninsa ya gani. Kowa ya zo sai ya zaunar da nasa a kujerar. Daga wannan rana mai zane bai ƙara taɓa allon shago ba, bai kuma ƙara zana fuska ba.

Wasu sun ce tsoron Allah ne ya hana shi zana mai rai. Wasu sun ce zurfin tunani ne. Bai musa wa kowa ba. Gaskiyar ita ce fuska tana motsi, tana magana, tana tambaya. Kushin kuwa ba ya yi.

Da shekaru suka tafi, aikin ya sami ƙa'ida, ƙa'idar kuma ta fi ta barikin soja tsauri.

Da farko yakan ja ƙyalle a kan firam ɗin da abokinsa kafinta ya haɗa masa. Ya shafa farin fenti, ya bari ya bushe, ya goge, ya sake shafawa. Sannan ya shata ɗakin da gawayi. Yakan yi makonni yana gina bango da taga da inuwar ƙasa, shafi bisa shafi. Komai zai gama, mazaunin kujerar kaɗai yake bari fari fat.

Ranar ƙarshe, da hantsi, idan haske ya taɓa ƙafar kujera ta gaba, sai ya leƙa tsakar gida ya ce, "Wa ke kusa?"

Wanda ya amsa zai zo ya zauna. Shi kuwa yana tsaye yana haɗa kala. Ba ya kallon mai zaman, hasken yake kallo yana hawa jikin kujera. Idan ya kai inda yake so, sai ya ce:

"Tashi haka nan. Ja mini ƙofa."

Daga nan lokacin da ya rage masa bai fi na shan kofin shayi mai zafi ba. A cikinsa zai kama gurbin kafin soso ya taso. Har cacar baki ya taɓa yi da mai gyaran kujeru da ya so ya canja masa soso. Sabon soso nan take yake tasowa kamar ba a taɓa zama a kansa ba. Tsoho shi ne mai riƙe mutum.

Zanukansa na farko cike suke da kaya: labule mai furanni, agogon bango, kofi a ƙasa. A hankali ya fara ragewa. Ya cire labulen, ya cire agogon, daga baya har silifar ya cire. Ya daina sayen baƙin fenti, domin ya gano inuwa ba baƙa ba ce, shuɗiya ce da ta sha ƙasa. Aka wayi gari babu komai a zanensa sai bango da haske da kujera da gurbi.

Masu rubutu a jaridu suka ce babu wanda ya san kewa kamarsa, babu wanda ya san zuciyar ɗan Adam kamarsa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya yarda.

A gida kuwa, 'ya'ya biyu Allah ya ba shi. Babban namiji ne. Yana ƙarami ya taɓa ɗaukar buroshi ɗaya ya yi wa motar gwangwaninsa fenti, ya manta shi a rana har gashin ya sandare. A ɗakin nan babu laifin da ya kai a bar fenti ya bushe a buroshi. Uban bai dake shi ba. Magana ya daina yi masa, har sai da uwar ta shiga tsakani da roƙo. Yaron ya girma, ya yi karatu, ya sami aiki a wata ƙasa mai nisa. Yana kira a waya yana gaisuwa, gajeriya mai tsabta kamar ta ma'aikacin banki.

Ƙaramar mace ce, kowa Auta yake ce mata. Ita da ta ji "Wa ke kusa?" sai ta yar da abin da ke hannunta ta sheƙo a guje, domin ita ce kaɗai hanyar shiga ɗakin. Tana zama sai ta buɗe baki: malamarsu ta yi kaza, ƙawarta ta ce kaza. Shi kuma yana cewa "Uhm," idonsa a kan haske.

Ta ƙirƙiro dabaru don ta daɗe.

"Tashi haka nan."

"Baba, ƙafata ta sage."

"Yi ɗingishi. Ja mini ƙofa."

Amma uwar ta fi kowa zama. Ta gane lokacin kujera ne kaɗai take samun mijinta a tsaye wuri ɗaya, sai take tara maganganunta ta kawo can. Rufin kicin yana yoyo. Ƙanwarta ta haihu. Yaron nan ya daina cin abinci a gida. Abin da ya samu shiga kafin "Tashi haka nan" ya samu, abin da bai samu ba ta koma da shi.

Wata shekara, bayan Auta ta yi aure ta koma wani gari inda take aiki a kantin magani, zaman uwar ya canja. Ta fara karkata hagu, hannunta dafe da ƙasan haƙarƙarinta na dama. Gurbin da take bari ya zama mai zurfi a gefe ɗaya, marar zurfi a ɗayan, kamar an fizge mutum daga kai.

Mai zane ya ga wannan, farin ciki ya kama shi. Ya daɗe yana neman sabon abu.

"Wannan zaman ya fi," ya ce mata. "Riƙe shi. Duk ranar da na kira ki, haka za ki karkata."

"To," ta ce.

Wata rana tana zaune ta ce, "Maigida, akwai maganar da nake so mu yi."

"Bari haske ya wuce."

Haske ya wuce, ya gama zane, ya wanke buroshi da kananzir ɗaya bayan ɗaya, ya jera su. Da ya fito ya tuna, ya ce, "Kin ce me?"

"Ba komai," ta ce. "Ga abincinka."

Auta ce ta zo ganin gida. Ta ga yadda uwarta ta hau matakalar ƙofar kicin, ko jakarta ba ta ajiye ba ta nemo mota ta kai ta asibiti. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce sun makara.

Bayan an yi jana'iza, masu gaisuwa sun watse, Auta ta shiga ɗakin zane ba tare da an kira ta ba. Zanukan shekarar suna jingine a jikin bango suna jiran dillali. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, tun yaushe take zama haka?"

"Ya kai shekara."

"Kullum tana gabanka."

"Ba ta faɗa mini ba, Auta."

Ta nuna masa zanukan da hannu. "Ga shi nan ka zana. Dubi sau nawa."

Ta fita ta ja ƙofa, ba tare da an ce ta ja ba.

Zanukan karkatacciyar kujera su ne aka fi yabo a duk rayuwarsa. An buga su a mujallu, ɗalibai sun yi rubutu a kansu. Shi kuwa bai je baje kolinsu ba, ya ce mura yake yi.

Gidan ya yi shiru. Yakan dafa ruwan zafi a tukunyar da ta yi wa mutum ɗaya girma. Yakan ci abinci a tsaye. Famfon tsakar gida yana ɗiga, ya bar shi, domin ɗigar tana ɗebe kewa. Auta tana kira ƙarshen mako, ta tambayi lafiyarsa, ta tambayi maganin hawan jini, ta ce yara suna gaishe shi. Ba ta ƙara kwana a gidan ba.

Da ya koma aiki, ranar ƙarshen zane ta zo, haske ya taɓa ƙafar kujera. Ya leƙa tsakar gida ya ce, "Wa ke kusa?"

Famfo ya ɗiga.

Ya koma ciki ya ce wa kansa ba ya buƙatar kowa. Gurbin da ya shekara talatin yana zanawa ai ya san shi kamar yunwar cikinsa. Ya zana shi da ka. Bai yi ba. Ya danna kushin da hannu. Bai yi ba. Ya ɗora buhun siminti, ya ɗora bokitin ruwa, har shi da kansa ya zauna ya tashi da sauri ya zagayo. Duk da haka ya ci gaba, shekara bayan shekara, yana jingine su a bango.

Dillalin ya zo ya duba. Mutum ne mai ladabi, ya daɗe yana shafa gemu.

"Ranka ya daɗe, wannan... kujera ce."

"To da me ce? Jirgin sama?"

"A'a, ba haka nake nufi ba. Na da, idan mutum yana kallo, sai ya ji kamar ya waiwaya ya duba ƙofa. Waɗannan kuwa, Allah ya huci zuciyarka, kamar na kantin sayar da kujeru."

Kafin ya tafi ya faɗi abin da ya kawo shi. Ana so a haɗa baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa, daga kujerar farko mai silifa har zuwa yau. Abin da ya rage shi ne zane guda da za a rufe da shi. Mai zane ya kalli hannunsa na dama. Tun bara ya fara rawa idan ya riƙe kofi. Ya san idan bai yi zanen nan yanzu ba, ba zai ƙara yin wani ba.

Ya gina bango, ya gina taga, ya bar mazauni fari. Sannan ya kira kafinta.

Kafinta ya tsufa shi ma, ya yi tumbi, gwiwa tana damunsa. Ya faɗa cikin kujerar da nishi, ya baje, ya jingina, ya miƙe ƙafa. Kafin haske ya hau har ya fara gyangyaɗi.

"Tashi haka nan."

"Haba Gwani, yanzu zaman ya fara daɗi."

Da ƙyar ya miƙe. Mai zane ya duba kushin ya yi tsaki.

"Wannan ba gurbi ba ne, rami ne. Kamar an kwantar da bijimin sa."

"Kai ka ce in zauna," in ji kafinta yana dariya. "Ba ka ce in ɗosana kamar wanda ya zo neman aure ba."

Bayan tafiyarsa mai zane ya zauna yana tunani. Lallai matarsa ba ta bajewa. A bakin kujera take zama, can gaba, shi ya sa gurbinta ƙarami ne mai kaifi, da ɗan ja zuwa ƙofa. Mutum ɗaya ce ta rage a duniya mai irin wannan zaman.

Ya yi kwanaki yana ɗaukar waya yana ajiyewa. Daga ƙarshe ya kira.

"Auta, kuna lafiya? Ya yara?"

"Lafiya lau, Baba. Wani abu ne ya faru?"

"Dole sai wani abu ya faru?"

Shi bai taɓa kira ba, su duka sun sani.

"Ina so ki zo ki zauna mini."

Ya duba ko wayar ta katse.

"Zama," ta ce.

"Na ɗan lokaci ne."

"Na sani, Baba. Na san tsawonsa."

Ta zo da motar farko, ta ce da ta rana za ta koma, ta bar wani a kanti. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Ta leƙa kicin, ta ga kofi ɗaya da cokali ɗaya a kan tire. Ta wuce ɗakin zane ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya.

"Ajiye jakar."

Ta ajiye ta kusa da ƙafarta, hannun jakar a tsaye.

Ya fara haɗa kala. Shuɗi kaɗan, ƙasa kaɗan, fari a bakin wuƙa. Haske ya taɓa ƙafar kujera ya fara hawa. Amma wani abu ya hana shi sakewa, bai gane ko mene ne ba sai can. Babu mai magana. Duk rayuwarsa da murya a bayan kunnensa yake haɗa kala, ko da ba ya sauraro.

"Ba ki da labari ne?" ya ce.

"Na daina kawo labari ɗakin nan, Baba."

Ya ci gaba da juya fenti. Don ya kashe shirun ya ce, "Zamanki sak na mamanki. A bakin kujera. Gado ne."

"Ba gado ba ne." Muryarta babu faɗa a ciki, kamar tana karanta wa mai saye yadda ake shan magani. "Wa zai jingina a inda ya san yanzu za a ce ya tashi? A falo ai bajewa take yi, ta miƙe ƙafa, har barci ya ɗauke ta da bakinta buɗe muna yi mata dariya. Ba ka taɓa gani ba?"

Ya nema a ransa. Bai samu ba.

Haske ya kai hannun kujera. Ya buɗe baki, amma kafin ya yi magana ta miƙe.

"Ya kai," ta ce. "Na gani. Allah ya ba da sa'a, Baba."

Ta ɗauki jakarta, ta fita, ta ja ƙofa.

Ga gurbin nan.

Ƙarami, mai kaifi, can gaba, da ɗan ja zuwa ƙofa. Haske ya kwanta a cikinsa kamar ranar farko. Shekarun da ya yi yana ɗora siminti da bokiti suka zama wasan yara. Hannunsa ya daina rawa. Ya cika buroshi, ya ja layi ɗaya a kan farin ƙyalle, layin ya zauna daidai.

Yana jin takunta a tsakar gida. Ta wuce famfo. Ta kai ƙofar waje.

Sakatar ƙofar ta yi tsatsa, domin ba kullum ake buɗe ta ba. Ya ji Auta ta ja, sakatar ta ƙi. Ta sake ja, ƙarfe ya yi kuka.

Ya dubi gurbin. Gefensa na baya ya fara tasowa, kaɗan-kaɗan, kamar ƙirjin mai barci. Idan ya duƙufa yanzu zai kama shi. Shekara arba'in yana kallon wannan siffa, masu jarida sun ba ta sunaye iri-iri, shi ma ya ba ta. Yau ya gan ta tsirara. Zaman mutumin da bai taɓa sakewa a gabansa ba ne.

Sakatar ta sake kuka, wannan karon ta ɗan motsa.

Ya ajiye buroshin a kan tebur, da fentinsa. Ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

"Auta."

Ta juyo, hannunta a kan sakata. Ta dubi ƙafafunsa, ta dubi ƙofar ɗakin a buɗe.

"Baba, kushin zai taso."

"Bar shi ya taso."

"Buroshinka fa?"

Ya tsaya a rana kamar baƙon da ya ɓata hanya, hannuwansa duk shuɗi. Bai shirya abin faɗa ba. Rabon da ya fito daga ɗakin nan kafin ya gama aiki, ya manta.

"Ƙofar nan sai an ɗaga ta," ya ce.

"To ɗaga mini."

Bai ɗaga ba. "Ai akwai motar yamma."

Tana kallonsa, shi ma ya kalle ta. Ba haske ya kalla ba, ita ya kalla. Ashe furfura ta fara fito mata a gefen goshi. Ashe idonta na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta. A ƙasan haɓarta akwai wani tsohon tabo, fari, kamar an ja shi da bakin wuƙar fenti.

"Wannan tabon fa? Yaushe kika ji ciwo?"

Ta kai yatsa ta taɓa wurin. "Ina firamare. Daga keke na faɗo, har aka yi mini ɗinki. Na ba ka labari."

"A ina?"

"A kujerar."

"Me na ce?"

"Ka ce uhm."

Dariya ta taso mata, ta danne ta, sai ga hawaye a madadinta. Ta juya fuska ga bango ta goge da gefen mayafi.

"Ba zai dawo da ita ba, Baba."

"Na sani."

"Kuma zanenka ya lalace. Za su ce ni ce."

"Ba su san akwai ki ba," ya ce. "Laifina ne wannan ma." Ya matso kusa da ita. "Sake ba ni labarin keken."

Wani mai tura baro ya wuce a waje yana waƙa. Famfo ya ɗiga, ya sake ɗiga. Can ta saki sakatar.

Da suka koma ɗakin, kushin ya taso sumul kamar ba a taɓa zama a kansa ba. Haske ya bar kujera ya hau bango. A kan ƙyalle, mazauni yana nan fari fat, sai layi guda shuɗi. A kan tebur, bakin buroshi ya fara ƙafewa. Ta gani, ta kai hannu za ta jefa shi cikin gwangwanin kananzir.

"Bar shi," ya ce.

Ya jawo wani bokitin fenti da ya ƙare, ya kife shi a gaban kujerar, ya zauna da nishi irin na kafinta. Ita ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya.

"Jingina."

Ta dube shi. Sannan ta ja baya a hankali, kamar mai shiga ruwan da ba ta san zurfinsa ba, har bayanta ya taɓa majingina. Katakon ya yi wata 'yar ƙara. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta zame takalmanta, ta naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashinta.

"Keken na 'yar maƙwabta ne," ta ce. "Ba shi da birki, kuma ba ta gaya mini ba."

"Muguwa," ya ce. "Sai aka yi yaya?"

Darasi: Gwaninta ba ta amfani idan ta koya maka ganin gurbin mutum ta hana ka ganin mutumin. Aiki zai jira, yabo zai jira, amma wanda ke zaune a gabanka yau ba kullum zai zauna ba. Ka ɗaga kai ka dube shi, ka bar shi ya gama maganarsa. Ku tura wa wani da kuka san aikinsa ya ɗauke masa ido daga iyalinsa, wataƙila nasa bai kai ƙofa ba tukuna.